Shin da gaske an yi dokar ƙayyade haihuwa a Nijar?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne a Tsibiri, matata ɗaya, 'ya'yanmu biyar, na goye watansa bakwai. A wannan haihuwar ta zubar da jini sosai, sai da aka kai ta Maraɗi aka ƙara mata leda biyu. Ungozoma ta ce lallai ta huta. To amma a fadarmu ana ta gardama. Wasu na cewa gwamnati ta sa hannu a dokar Turawa da ta ce kada mace ta wuce 'ya'ya uku, wai dokar ta halatta zubar da ciki, kuma ana yi wa matan aure allura ba da sanin mazansu ba. Ina tsoron in shiga abin da ya saɓa wa addinina, ina kuma tsoron in rasa ta. Mene ne gaskiyar wannan doka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa iyalinka lafiya, ya raya yaron bisa sunna. Ni ungozoma ce, na daɗe ina aiki a likitocin karkara na jihar Maraɗi kafin in dawo cikin gari, kuma wannan gardama ta fadarku na sha jin ta, a bakin maza a ƙofar likita da a bakin surukai a ɗakin haihuwa. In na fahimce ka, so kake ka san ko akwai dokar da ta yanke wa mutane adadin 'ya'ya, kuma ko wanda ya bar matarsa ta huta ya bi abin da addini ya hana. Babu irin wannan doka a Nijar, ba a kuma taɓa yin ta ba. Sai dai abokan fadarka ba daga iska suka tsinto maganar ba. Abubuwa uku ne suka cuɗe musu wuri ɗaya: dokar da take akwai, yarjejeniyar da majalisa ta ƙi, da furucin wasu 'yan siyasa da bai taɓa zama doka ba.

Dokar da take akwai

Dokar Turawa ta farko da ta iso mana a kan wannan batu hani ta yi. A 1920, bayan yaƙin duniya na farko ya cinye musu samari, Faransawa sun haramta yayata hanyoyin hana ɗaukar ciki da rarraba su, don suna neman yawa. Wannan dokar muka gada lokacin da muka samu 'yancin kai a 1960. Sai bayan farin 1984 ne Janar Seyni Kunce ya fito da maganar fili a jawabinsa na Matamai a 1985, inda ya ja hankali kan yadda jama'a ke ƙaruwa fiye da abin da gonaki ke bayarwa. A 1988, zamanin Ali Saibu, aka halatta aiki da maganin tazara.

Wadda ake aiki da ita ita ce doka mai lamba 2006-16 ta ranar 21 ga Yunin 2006, zamanin Tanja Mamadu, a kan lafiyar haihuwa. 'Yan majalisarmu ne suka jefa mata ƙuri'a a Yamai. Ta ce ma'auratan da suka yi aure bisa ƙa'ida su ke da ikon yanke shawara, da yardarsu kuma da saninsu, a kan tazarar da za su sa tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma haƙƙinsu ne a ba su bayanin da suke buƙata. Ta hana a nuna wa mutum bambanci wajen kula da lafiyarsa saboda shekarunsa, dukiyarsa, addininsa ko ƙabilarsa. Babu uku a cikinta, babu huɗu, babu cin tara ga wanda ya haifi goma sha biyu. Ƙayyadewa da ƙarfin hukuma an yi ta a duniya, a ƙasar Sin daga 1980 zuwa 2015, inda ake cin tarar wanda ya wuce ɗa ɗaya, da Indiya tsakanin 1975 da 1977, inda aka riƙa yi wa maza aikin hana haihuwa a kan dole. Da irin wannan aka kawo mana, da ni ce ta farko da za ta ƙi. A cikin waɗannan shekarun na 2005 da 2006 ne kuma aka mai da tiyatar haihuwa, awon ciki, maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da maganin tazara kyauta, ko da yake duk wanda ya taɓa zuwa likita ya san sau da yawa kyautar a takarda take tsayawa, don kuɗin da gwamnati ke biyan likitocin yakan makara, ɗakin magani ya zama wayam.

Zubar da ciki kuwa laifi ne a Nijar har gobe, ana ɗaure mai yi. Ƙofa biyu kawai dokar 2006 ta buɗe, kuma sai tawagar likitoci ta duba ta tabbatar: in ci gaba da cikin zai jefa rai da lafiyar uwa cikin haɗari, ko kuma in ma'auratan suka nema bayan an gano cewa abin da ke cikin na ɗauke da wata cuta mai tsanani ƙwarai. Mace ba ta zuwa ta ce ba ta son cikin a cire mata.

Inda maganar 'ya'ya uku ta fito

A Yulin 2003 Tarayyar Afirka ta amince da wata yarjejeniya kan haƙƙin mata a Maputo, babban birnin Mozambik. Ita ce ta ƙara fyaɗe da cikin da aka samu da muharrami a cikin dalilan zubar da ciki, ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, ta fifita auren mace ɗaya, ta kuma taɓo rabon gado. Gwamnatin Nijar ta sa hannu a 2004, amma sa hannu ba ya mai da yarjejeniya doka sai majalisa ta amince. Ƙungiyoyin addinin Musulunci suka tashi tsaye, kuma a Yunin 2006 majalisa ta yi watsi da ita. Ka lura, a cikin wata guda majalisa ɗaya ta ƙi Maputo ta kuma yarda da dokar lafiyar haihuwa. 'Yan majalisar sun bambance su. A fada ne aka haɗe su. Ita kanta Maputo ɗin ba ta yanke adadin 'ya'ya ba.

Kafin nan da bayan nan an sha yin irin wannan ja-in-ja. Kundin iyali, wato daftarin dokar aure, saki da gado, ya tsaya a shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011 ya sake tsayawa, a 2012 kuma ƙudurin kare 'yan matan da ke lakwal ya koma inda ya fito. Tun daga nan, da zarar an ambaci doka an ambaci mata, sai kunnuwa su miƙe, musamman a nan jiharmu inda binciken ƙasa na 2012 ya nuna kusan mata 9 cikin 10 ana yi musu aure kafin shekara 18.

Ukun da kuka ji daga Wagadugu ta fito. A Yulin 2017 'yan majalisun ƙasashen yammacin Afirka sun yi taro a can, shugaban majalisar Burkina Faso na lokacin, Salifu Diyalo, ya bayyana burin a ce nan da 2030 kowace mace ba ta wuce 'ya'ya uku ba. A cikin wannan watan ne kuma shugaban Faransa Makron ya ce a taron manyan ƙasashe 20 a Jamus, ƙasar da mace ke haihuwar bakwai ko takwas, ko biliyoyi aka zuba mata ba abin da zai daidaita. Maganganun biyu suka bi gidajen rediyo da wayoyi. Babu majalisar Nijar da ta mai da ko ɗaya doka, amma ɓarnar da suka yi mana a wurin aiki ba kaɗan ba ce. Matan da suka saba zuwa allura suka riƙa tambayarmu ko mu ma an biya mu ne.

Ba na ganin laifin mai zargi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Kano ba nisa, kuma mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a can a 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a da biyan diyya. Shi ya ba jita-jitar allurar shan-inna ta 2003 ƙarfi har ta tsallako iyaka. Kuma gaskiya ne yawancin kuɗin da ake sayen maganin tazara daga waje yake zuwa. Mutum yana da haƙƙin ya tambaya: me ya sa wannan ba ya yankewa kamar yadda maganin masassara ke yankewa lokacin damina?

Akwai abin da ni ma nake suka, daga cikin gida. Tsarin gwamnati na 2012 zuwa 2020 ya sa burin kai masu amfani da maganin tazara kashi 50 cikin 100, alhali a 2012 matan aure masu amfani da na zamani kashi 12 ne. Buri irin wannan in ya sauko daga Yamai zuwa ƙaramar likitar ƙauye, yakan koma lissafin wata-wata: mace nawa kika sa wa? Ma'aikaciyar da ake aunawa da wannan lissafi takan matsa wa mace ta karɓi na shekara uku ko biyar alhali na wata uku ta zo nema, in kuma ta dawo a cire mata sai a ce ta ƙara haƙuri. Na ga an yi, kuma wannan saɓa wa dokar 2006 ne kai tsaye, don yarda ita ce ginshiƙinta. Mace ɗaya da aka ja wa rai wajen cirewa takan hana mata ashirin zuwa.

Masu kallo daga nesa alƙaluman yawan jama'a suke gani: haihuwa 7.6 ga kowace mace a 2012, a jihar Maraɗi 8.4, sannan ta ƙasa baki ɗaya ta sauko 6.2 a binciken 2021. Ni wani adadi ne daga binciken na 2012 ke hana ni barci: mata 535 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Yawan 'ya'ya bai taɓa damuna ba. Na karɓi haihuwar mata masu goma da suke garau, don tsakanin kowane biyu akwai shekara biyu da rabi ko uku. Wadda ke ba ni tsoro ita ce mai kunika, ɗaya a baya, ɗaya a hannu, ɗaya a ciki, in ka ja fatar idonta ƙasa ka ga fari fat kamar ba jini a jikinta.

Abin da malamai suka ce

Ni ba malama ba ce, fatawa ba aikina ba ne, kuma ina so ka kai wannan ɓangaren gaban malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Amma abin da na karanta, na kuma ji a zama da malamai, zan faɗa maka. Masu hani suna kafa hujja da aya ta 31 a Suratul Isra'i da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, da hadisin da ya kwaɗaitar da auren mace mai soyayya mai haihuwa. Masu halattawa suna kawo hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani na sauka, da aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. A mazhabarmu ta Malikiyya azalu ya halatta da izinin matar, zubar da ciki kuma an tsananta haninsa tun daga farkon shigarsa.

Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988 a kan wannan mas'alar, ta fitar da matsaya mai sassa uku. Bai halatta hukuma ta yi dokar gama-gari da za ta taƙaita wa ma'aurata haihuwa ba. Haramun ne a kashe ikon haihuwa gaba ɗaya sai da larura. Ya halatta a jinkirta ciki na wani lokaci don tazara, in akwai buƙata da shari'a ta yarda da ita, da shawara da yardar miji da mata, ba tare da cutarwa ba, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Ka ɗora wannan a kan dokar 2006 ka gani. Abin da abokan fadarka suke ƙi, malaman nan ma sun ƙi shi, kuma ba ya cikin dokar. Abin da ungozoma ta nema wa iyalinka shi ne na ukun.

Iyayenmu ma ba su jira doka ba. Mai jego takan tafi gida wanka, wata ba ta dawowa ɗakin miji sai yaro ya yi ƙwari, kuma wadda ta yi kunika har gori ake yi mata da ita da mijin. Wannan al'adar ce ta yi rauni, ba a kuwa maye gurbinta da komai ba a gidaje da yawa.

Ba da sanin miji ba

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma ba zan ɓoye maka ba: ana yi. Akwai matan da ke zuwa ranar awon yara, bayan an auna yaron sai ta tsaya a baya har layi ya watse, ta matso ta rage murya ta ce a yi mata ta wata uku. In an rubuta mata karne, wato katin likita, ba ta tafiya da shi gida, sai ta ce in ajiye mata a cikin akwatin tebur, ranar komowa kuma ta riƙe ta da ranar kasuwa. A wuraren da na yi aiki ba ma neman takarda daga miji kafin mu yi wa babbar mace allura, kuma sirrin mara lafiya amana ce a wuyanmu.

Maza da yawa suna jin wannan kamar cin amana, kuma na fahimci zafin. Dokar kanta ma'aurata ta ambata, su biyu, haka ma malamai. Amma ka tambayi me ya kai ta ga ɓoyewa. Wata ta taɓa faɗa masa ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, alhali ita ba abinci take magana ba, jininta take magana. Wata tana tsoron ya zarge ta da neman maza. Wata uwar miji take tsoro. Wata kuma akasin haka ne, likita ya ce ta huta amma ta ƙi, don kishiya na haihuwa, kuma ta san da yawan 'ya'ya ake auna ɗaki a rabon gado. Idan mace mai farin ido, wadda ta kusa tafiya a haihuwar baya, ta tsaya gabana ta ce mijinta ba zai yarda ba, ba zan kore ta ba. Nakan roƙe ta ta kawo shi mu yi magana, ko in nemi majo, babban ma'aikacin likitar, ya same shi a matsayin namiji da namiji. Wasu sukan zo. Da yawa ba sa zuwa.

A ganina babban giɓin dokar nan ke nan. An rubuta ta da Faransanci, ƙudurin aiwatar da ita ma sai a 2019 ya fito, shekara 13 bayan yin ta, kuma ba a zauna an karanta wa maza ita da Hausa a masallaci ko a ƙofar maigari ba. An ba ma'aurata shawara, amma aka gina aikin duka a ɗakin da namiji ke jin kunyar shiga. Makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar iyali tare da ma'aikatan likita, ta nuna cewa maza in an yi magana da su cikin girmamawa suna saurare, har su riƙa raka matansu awo. Da kuɗin da aka kashe a tarurrukan otel an kashe rabinsa a irin wannan zaman, da gardamar fadarku ta daɗe da sauya salo. Kai da ka rubuto kana tambaya, ka riga ka fitar da iyalinka daga cikin masu ajiye karne a akwatina.

Game da iyalinka

Ban duba ta ba, don haka ba zan zaɓa mata magani daga nan ba. Amma abin da ka faɗa ya isa in ce ungozomarta ta yi gaskiya. Macen da ta haihu biyar mahaifarta ba ta saurin tsukewa bayan haihuwa kamar ta mai fari, kuma wadda ta taɓa zubar da jini haɗarin ta sake ya fi na sauran mata. In ta shiga wani cikin jininta bai dawo ba, abin da mai lafiya za ta zubar ta tashi, ita zai iya kayar da ita. Hukumar lafiya ta duniya na ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin ya shiga. Kada ku dogara da shayarwa yanzu. Tana karewa ne a wata shida na farko kawai, in nono zalla yaro ke sha kuma al'ada ba ta dawo ba. Naku ya kai bakwai, ya fara kunu, ciki na iya shiga tun kafin ta ga jini.

Hanyoyin da za a nuna muku duk na wucin gadi ne, kowace da halinta. Ƙwayar masu shayarwa ba ta rage nono, amma tana son a sha ta kullum a kan lokaci ɗaya, mai mantuwa ba ta jin daɗinta. Allurar wata uku tana da sauƙi, sai dai takan rikita al'ada, wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo, wata al'adar ta ɗauke gaba ɗaya, kuma bayan an daina ciki kan yi jinkirin watanni, wani lokaci har shekara. Wannan jinkirin ne ake cewa ta kashe mahaifa, ba kuwa ta kashe ba. Ta dantse, siririyar roba da ake sakawa ƙarƙashin fata, tana kai shekara uku ko biyar gwargwadon irinta, ita ma takan rikita jini, amma ana cire ta haihuwa ke dawowa. Ta cikin mahaifa mai jan ƙarfe ba ta taɓa nono, tana daɗewa, amma takan ƙara yawan jinin al'ada, abin dubawa ne sosai ga mai ƙarancin jini kamar iyalinka. Maganar ɗigon jini kada ku raina ta, don ita ke sa mata da yawa su daina, saboda ruɗanin salla da azumi. Ku tambayi malami hukuncin jinin da ba na al'ada ba tun kafin ku fara, hankalinta zai fi kwanciya.

Ku tafi tare, ko CSI ɗinku, wato likitar garinku, ko cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi, da karnen haihuwarta a hannu. A auna mata jini da hawan jini kafin komai, in ya yi ƙasa a ba ta ƙwayar ƙarin jini, kai kuma ka taimaka da hanta, wake da zogale a tukunya. Ka bar ta ta yi tambayoyinta da bakinta, don jikinta ne zai ɗauki maganin. In ta zaɓi ta dantse ko ta mahaifa, kafin a saka ku tambayi wa ke cirewa, a wace rana, kuma a tabbatar muku duk ranar da ta ce a cire za a cire. Cikin gaba kuma, in Allah ya kawo shi, ta fara awo da wuri, ta faɗa musu an taɓa ƙara mata jini, kuma tun watan takwas ku san motar da za ta kai ta likitar da ke da jini, da ɗan'uwan da zai ba da nasa in an nema.